Filin Masu Mota: Fankar Hita A Tsohuwar Marsandi

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke ɓoye a ƙarƙashin dashbod, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa sa shi a ido ba, kuma ran da ya mutu ba wanda ke yi masa ta'aziyya. Wannan abu kuwa shi ne fankar hita, wato fankar da ke hura iska cikin mota, tare da ɗan injin lantarkin da ke juya ta.

Mun san wani zai yi dariya ya ce, hita kuma a ƙasar Gana? Mu da muke neman inda za mu tsere wa zafi? To, mu ma haka muka ɗauka shekara da shekaru, har ran da Allah ya nuna mana kuskurenmu a kan hanyar Kumasi.

Wata rana da damina mun taso daga Nima a Ankara za mu ɗaurin aure Kumasi, mu biyar a cikin tsohuwar Marsandi 200 tamu, ƙirar 1983. Mun wuce Nsawam da Suhum lafiya lau. Muna gab da Nkawkaw, bayan magariba, sai hadari ya gangaro daga duwatsun Kwahu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ɗaga gilashinsa. Ba a daɗe ba gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki, kamar an shafa masa koko. Waifa tana ta aiki a waje, amma a banza, domin hazon a ciki yake. Muka murɗa makunnin fanka, shiru, domin ta fi shekara biyu da mutuwa, mu kuwa kullum sai mu ce sai an sami sarari.

Wani dattijo da ke zaune a gaba ya cire hularsa yana goge mana gilashi, yana gogewa hazo yana dawowa. Ta ɗan wurin da ya goge ne muka hango ganyen da aka zuba a kan titi, sannan muka ga bayan wata babbar motar katako da ta lalace, ba fitila ba komai. Muka taka birki, Allah ya tsare, muka tsaya saura ƙiris. Da hankali ya dawo, sai dattijon ya mai da hularsa jiƙe sharkaf ya ce, "Malam, motar nan taku tana da inji, tana da birki, amma ba ta da ido." Wannan magana ita ta haifi rubutunmu na yau. Hausawa sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, aikin fankar nan bai tsaya ga ɗumama jiki ba. Babban aikinta a ƙasa irin tamu shi ne share gilashi. Idan ruwan sama ya sanyaya gilashi daga waje, mutane kuma suna numfashi a ciki da jiƙaƙƙun tufafi, sai laimar da ke cikin iska ta kwanta a jikin gilashin, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kwalbar ruwan sanyi. Maganinsa shi ne a hura wa gilashin iska, musamman mai ɗumi, domin iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima. Ɗumin kuwa daga inji yake zuwa. Akwai wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod wanda ruwan zafin inji ke ratsawa, fanka ta tura iska ta cikinsa, iskar ta fito ta ƙofofin da ke gindin gilashi. Motar da ke da na'urar sanyi ma, wannan fanka ɗin dai ita ke tura sanyin. Idan ta mutu, duka sun mutu.

'Yan'uwanmu na Tamale da Bawku da Wa su ma za su shaida cewa a watannin Disamba da Janairu, mai sammako da asuba cikin hunturu ba ya raina hita. Akwai kuma wata fa'ida da tsofaffin direbobi suka sani: idan allurar zafin inji ta fara hawa a kan tudu, buɗe hita duka da sa fanka a babban gudu yana rage wa inji zafi kaɗan, har a kai inda za a tsaya a duba.

Irin motar da muke magana a kanta ita ce wadda kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya laƙaba wa lamba W123, wato su 200 da 230E da 240D da 300D. An fito da ita a 1976, aka daina ƙera ta a farkon 1986, bayan an yi wajen miliyan 2.7. Ke nan ko autarsu ta doshi shekara 40 ko ta wuce. Masu irin wannan mota su gode wa Allah, domin fankarta tana wuri mai sauƙin kaiwa, a ƙarƙashin akwatin ajiya na gaban fasinja. Wadda ta gabace ta, W115 da aka fara a 1968, fankarta tana can ƙurya, har masu ita kan yi ba'a su ce fankar aka fara ajiyewa sannan aka gina motar kewaye da ita. Wadda ta biyo baya kuwa, W124, sai an buɗe bonet an cire waifa da injinta kafin a kai ga fanka. Amma dabarun da za mu faɗa suna amfani ga kusan kowace tsohuwar mota, ko Fijo ce ko Datsun.

Kafin a kama sukudireba, a fara da sauraro, domin kowace cuta da alamarta. Idan fanka tana aiki a babban gudu kaɗai, ƙananan sun ƙi, to da wuya laifin injinta ne. Akwai wasu naɗaɗɗun wayoyi masu rage ƙarfin wuta domin a sami ƙaramin gudu, babban gudu kuwa ba ya bi ta cikinsu, saboda haka idan suka ƙone shi kaɗai ke saura. Idan kuma fanka ba ta tashi sai an bugi ƙarƙashin dashbod, ko sai mota ta faɗa rami, to burushin da ke cikin injin ne ya cinye. Idan tana kuka kamar ɓera a tarko, musamman da safe, mazaunin sandar da take juyawa a kai ne ya bushe. Idan tana kakkarwa ko ƙwanƙwasa, shara ce ta shiga ciki, ko fiffike ya karye. Idan kuwa aka ji ƙauri kamar na roba, a kashe ta nan take, kada a sake kunnawa sai an duba.

Washegarin ɗaurin aure muka kai motar Magazin da ke Suame, wajen wani masta mai gyaran wutar mota. Abu na farko da ya yi, bai ko leƙa fankar ba, sai ya buɗe bonet ya nufi akwatin fis da ke ɓangaren direba. Yana ɗaga murfi ya yi salati ya ce, "Alhaji, wa ya yi muku wannan aiki?" Ashe wani mai gyara da muka taɓa kai wa motar a baya, da ya ga fis ɗin fanka yana yawan ƙonewa, sai ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Robar da ke riƙe da fis ɗin har ta fara narkewa.

A nan muna so mu ja hankalin matasan makanikai. Fis mai gadi ne. Idan injin fanka ya tsufa ya yi tauri, sai ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, fis kuwa ya ƙone domin ya ceci waya. Wanda ya naɗe shi da takardar taba ko zaren waya, daidai yake da wanda ya ɗaure wa mai gadi baki domin yana hana shi barci da ihun ɓarawo. Zafin da fis ya kamata ya tare sai ya koma kan wayoyi da makunni, kuma wayoyin nan a bayan dashbod suke, cikin roba da soso. Ta haka mota ke kama wuta tana tafiya. Fis ɗin tsohuwar Marsandi irin mai tsini biyu ne, kuma launinsa ke nuna ƙarfinsa: fari amp 8, ja amp 16, shuɗi amp 25. A duba takardar da ke cikin murfin akwatin a sa daidai abin da aka rubuta. Sau da yawa ma fis bai ƙone ba, tsinin ne ya yi tsatsa, da an goge shi an matse maƙalansa sai wuta ta wuce.

Bayan fis, sai gwaji da fitilar gwaji, irin mai ƙwai ɗaya da waya. A cire marfin da ke ƙarƙashin akwatin ajiya, sama da ƙafar fasinja, a zare fulogin fanka, a buɗe makulli, a sa makunni a babban gudu, a taɓa. Idan fitila ta kama, wuta tana isowa, saura a tabbatar da wayar da ke komawa jikin mota, wadda a motocin Jamus ruwan ƙasa ce. Idan ita ma lafiya take, to laifin injin ne. Idan kuwa fitila ba ta kama ba, kada a ɓata kuɗi sayen sabon inji, a koma baya a bi makunni da wayoyi. Mutum nawa ne suka sayi inji, aka ɗaura, fanka ta ci gaba da shirunta?

Da aka tabbatar namu injin ne, masta ya sa yaronsa ya fara cire kan batir na ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. Wannan ba abin wasa ba ne, domin sufana ɗaya da ta taɓa inda bai kamata ba ta isa ta ƙona waya. Daga nan aka tura kujerar fasinja baya, yaro ya kwanta rigingine da tocila, ya kwance sukurorin da ke riƙe da fankar yana tallafe da ita da ɗaya hannun, ya sauko da ita a hankali yana ɗan juyawa. Shawararmu ga mai yi da kansa, ya ɗauki hoto da wayarsa kafin ya cire komai, ya kuma tara sukurori a gwangwanin madara, domin sukurun da ya faɗa ƙarƙashin kafet sai wani ikon Allah.

Abin da ya fito daga ramin nan ya ba mu kunya. Busasshen ganye, ɓawon gyaɗa, tsummokara da ɓera ya yi sheƙa da su, da jar ƙurar hunturu ta shekaru da ta daskare a kan fiffike. Fankar kanta kamar ƙaramin kwando take, mai fiffike da yawa a kewaye. Masta ya juya ta da yatsa, maimakon ta yi ta juyi sai ta tsaya cak.

A nan ne ake yanke shawara, gyara ko canji. Cikin injin akwai gawayi biyu ƙanana da ake kira burushi, waɗanda ke gugar wani zobe na jan ƙarfe suna ba shi wuta. Idan su kaɗai suka cinye, zoben bai yi rami ba, sandar kuma ba ta girgiza, to gyara ya fi. A sa sababbin burushi daidai girman ramin, a goge zoben da takardar yashi mai laushi, a ɗiga man inji kaɗan a mazaunin sanda gaba da baya, a bari ya tsuma. Kada mai ya taɓa burushi ko zobe. Injin asali da aka yi wa haka yakan ƙara shekaru, kuma sau da yawa ya fi sabon araha ƙarko. Amma idan naɗin wayar ciki ya yi baƙi yana ƙauri, ko zoben ya cinye, ko sanda tana rawa, to kwanansa ya ƙare. Namu haka yake, takardar taba ta gama da shi.

Mai zuwa saye, ko a Suame ko a Abossey Okai a Ankara, ya tafi da tsohon a hannunsa, kada ya dogara da cewa "na Marsandi 200". Na motar da ke da na'urar sanyi da na wadda ba ta da ita ba lallai su zo ɗaya ba. Haka kuma kayan da aka ciro daga mota mai sitiyari a dama, irin ta Ingila, yana iya saɓawa da namu, tun da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 4 ga Agusta 1974, motocinmu kuma sitiyarinsu a hagu yake. A jera tsoho da sabo a gwada faɗi, da tsawon sanda, da bakin fulogi. Idan tsohon kaya ne na Turai, wanda 'yan kasuwa ke kira hom-yus, a tuna cewa shi ma sa'an wanda ya mutu ne. A sa mai shago ya haɗa shi da batir a gabanka, a riƙe shi da kyau domin yakan yi tsalle, a saurari ƙararsa, a leƙa tsawon burushinsa. Gani ya kori ji.

Wuri mafi hatsari a aikin duka shi ne mai da kwandon fiffike daga tsohon inji zuwa sabo, idan sabon bai zo da nasa ba. Robar da ta shekara 40 tana shan zafi ba ta da haƙuri. Kafin a cire, a yi alama a san iya zurfin da kwandon ya shiga a kan sanda, domin idan ya wuce ko ya gaza zai riƙa gugar gidansa. A tallafi cibiyarsa, a tura sandar a hankali, kada a ja shi ta gefe, kada kuma a yi masa dukan guduma. Jiƙa cibiyar a ruwan ɗumi yana sa robar ta ɗan saki. Za a iya ganin wasu ƙananan ƙarafa maƙale a jikin wasu fiffiken, kada a ɗauka datti ne a ɓamɓare su. Kamfani ne ya sa su domin daidaita nauyi, kamar dalmar da ake maƙala wa taya. A wanke kwandon da ruwa da sabulu, ya bushe sarai.

Sai kuma maganar waya biyu. Irin wannan inji, idan aka juya masa wayoyi, baya zai riƙa juyawa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, fankar kwando ko tana juyin baya takan hura iska, sai dai 'yar kaɗan, ga ƙara. Sai mai mota ya ce an sayar masa da jabu, alhali wayoyi ne aka sauya. Saboda haka a lura da inda tsohon ke juyawa tun kafin a raba shi da kwandonsa.

Kafin a mayar, a zura hannu a kwashe sharar da ke cikin gidan fanka, a kuma share ragar da ke gindin gilashi ta waje, inda iska ke shiga, tare da ramukan da ruwan sama ke bi ya zube. Idan suka toshe, ruwa ya kan taru ya gangaro kan sabon injin da kan kafet, daga nan tsatsa ta ci ƙasan mota. A ɗaura fanka, a haɗa fulogi da batir, a gwada kowane gudu tun ba a rufe marfi ba. A bar ta ta yi aiki na 'yan mintoci a babban gudu, sannan a taɓa fis. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma idan yana ƙona yatsa akwai sauran aiki. Daga ƙarshe a juya iska zuwa gilashi, a sa tafin hannu a ji tana fita dama da hagu.

Saura magana ɗaya. Motoci da yawa a nan an riga an yanke musu hita, wato ƙaramin lagireton ya taɓa yoyo, sai aka haɗe mesar ruwan biyu a ɗakin inji aka huta. Mai irin wannan mota kada ya ce to fanka ba ta da amfani gare shi. Ko iskar waje ce kawai take hurawa, tana rage hazo ƙwarai, musamman idan aka ɗan sassauta gilashin gefe. Wanda kuma hitarsa ke haɗe, idan ya ga kafet ɗin gaba yana jiƙewa ba ruwan sama, ruwan lagireto yana raguwa, gilashi kuma yana ƙara hazo da an kunna fanka, to ƙaramin lagireton ne ke yoyo, wannan kuwa aiki ne dabam.

Aikinmu duka bai cinye yini ba, har da zuwa sayen kaya. Da muka tuna cewa saboda wannan ɗan aiki muka kusa hallaka rayuka biyar, sai jikinmu ya yi sanyi. Da za mu tafi masta ya ce, "Alhaji, ku riƙa kunna ta ko sau ɗaya a mako, ko ba ku bukata. Zama ne ke kashe ta." Gaskiya ya faɗa, domin injin da ba ya juyi, ƙura da tsatsa ke kama shi.

Don haka muna kira ga duk mai tsohuwar mota, musamman masu ɗaukar iyali da fasinja, yau ɗin nan idan ka shiga mota ka murɗa makunnin fanka ka saurara, ka kuma buɗe akwatin fis ka ga abin da ke ciki. Kada ka bari sai hadari ya haɗo kana tsakiyar daji da dare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar waifa da ruwan wanke gilashi, tun da duk tafiyar ɗaya ce. Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman makanikanmu da suka fi mu sanin aikin, ƙofa a buɗe take, a rubuto mana ta hannun edita. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalam.